Labarin Nana, Bilki da kazar da aka bari a Gwammaja: a zo a yi mini gyara

Maman Hanan: Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Na daɗe ina cika baki zan rubuta wa yara, to yau dai ga shi na kawo. Labarin na 'yan shekara 7 zuwa 10 ne. Nana da Bilki ƙawaye ne a Gwammaja, katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, tare suke zuwa makarantar allo, tare suke 'yar gala-gala. Kwatsam sai baban Nana, malamin jami'a, ya samu tafiya ƙaro karatu Malesiya, kuma da iyali za a tafi, shekara 3. Nana tana da kaza mai suna Gimbiya. Ta yi ƙoƙarin cusa ta cikin jakar kaya, asirinta ya tonu da kazar ta yi kuka, dole ta bar wa Bilki amana. Ga ɗan yanki daga babi na uku, lokacin da Nana ta haɗu da 'yar maƙwabtansu a can:

"Aisha ta buɗe littafi, ta ɗora yatsa a kan wani ƙaton doki, ta ce, 'Kuda.' Nana ta yi dariya har da riƙe ciki. Da guntun Turancinta ta ce, 'A garinmu ƙuda ɗan mitsitsi ne, yana da fiffike, in an bar miya a buɗe sai ya faɗa ciki.' Aisha ta zaro ido. Kafin magariba duk yaran benen sun samu labari: a Najeriya dawakai tashi suke yi, kuma sai an rufe tukunya saboda su."

Kada a ji nauyina, a faɗa mini gaskiya.

Hajiya Babba: Wa'alaikumus salam. Kai, 'yar nan, kin sa ni dariya ni kaɗai a ɗaki har jikata ta leƙo. Da gaske haka suke kiran doki ko ƙirƙira ce?

Maman Hanan: Wallahi da gaske ne Hajiya. Mun zauna a Serdang, kusa da Jami'ar Putra. A harshensu kuda doki ne, mata kuma ido, gigi haƙori, kaki ƙafa. Yayarka mace kakak ce, shi ya sa 'yata ta ƙi yarda a kira ta haka, wai ita ba kakar kowa ba ce. Amma sunayen ranaku kusan namu ne, tunda duk daga Larabci muka aro: Ahad, Isnin, Selasa, Rabu, Khamis, Jumaat, Sabtu.

Malam Mai Alli: Anti, sannu da ƙoƙari. Ni abin da ya burge ni, wataƙila ke ba ki ma lura ba: wannan barkwancin gaba ɗaya a kan lanƙwasar ƙ yake tsaye. Nasu kuda, namu ƙuda. Shekara da shekaru ina fama da 'yan aji uku a kan bambancin kafa da ƙafa, baki da baƙi, ga shi kin ba ni darasi a ɓagas. Sai dai ki tsaya a kan mai buga miki littafin. In ya yi amfani da rubutun da ba shi da ƙ, ɗ, ɓ, sai ki ga an cika shafi da 'yan akwatuna ko an share lanƙwasar gaba ɗaya, barkwancin ya mutu.

Baban Walid: Ni kam zan ɓata wa mutane rai. Rubutun ya yi daɗi, ba musu. Amma wa ake rubuta wa? Yaro nawa ne a Gwammaja ya taɓa shiga filin jirgin Malam Aminu Kano, balle ya keta hazo? Wannan labarin 'ya'yan gata ne. Kuma a wannan zamanin da kowane matashi burinsa ya tsallake, sai mu fara cusa wa 'yan shekara takwas cewa daɗi yana can waje?

Maman Hanan: Yaya, ban ji haushi ba. Amma wane gata? Ɗaki biyu muka zauna a hawa na tara, mu shida, ba tsakar gida, ba inda yaro zai zana 'yar gala-gala. Ana ƙirga ringit, kuɗin ƙasar, kamar ana ƙirga ƙwayar magani. Nana a labarin ba daɗi ta je ci ba, kewa ce ke cin ta.

Baban Walid: To ai yankin da kika kawo ban ga kewa ba, dariya na gani.

Hajiya Babba: Kai ma dai Baban Walid. Yaro in yana kewa zama yake ya rafka tagumi kamar mai takaba? Jikana da uwarsa ta yi wata guda a asibiti bai yi kuka ko sau ɗaya a gabana ba, sai dai ya dinga kwana da ɗankwalinta ya ce wai sauro yake kora da shi. Haka kewar yara take, a cikin shirme take ɓuya.

'Yar Damagaram: Ina wuni jama'a. Ni ina tare da Baban Walid rabi, ina tare da Anti rabi. Ƙasar waje ba sai an hau jirgi ba. Ina da shekara 9 muka tashi daga Damagaram muka koma Kano, tafiyar da ba ta kai kilomita 250 ba, ta Matamaye da Daura. Hausa ɗaya, tuwo ɗaya, agogo ma ɗaya. Amma ranar farko na ce wa malami mushe, na ce na manta kaye ɗina, wato littafin rubutu, a gida, na tambayi yaushe ake tashi daga lakwal. Ajin nan kamar zai tsage don dariya. Har na gama makarantar 'Yar Lakwal ake kirana. Don haka yaron da bai taɓa ganin jirgi ba zai gane Nana sarai, in dai ya taɓa zama baƙo a aji.

Malam Mai Alli: Wannan haka yake. A ajina kusan kowane zango sai an kawo sabo an ɗauke wani. Wani an yi wa babansa canjin wurin aiki, wata an kai ta riƙo wajen gwaggo, wasu rashin tsaro ya taso su daga ƙauye. Benci ɗaya za ka ga an bar gurbi, na kusa da shi ya yi kwana uku ba ya cin abincin tara. Rabuwa da aboki ba ta masu fasfo kaɗai ba ce.

Baban Walid: To na ji. Amma ku duba abin da Malam ya faɗa da kyau: wanda ya ƙi cin abinci shi ne wanda aka bari a benci. Shi wa ya rubuta masa nasa labarin? Anti, babi nawa Bilki take da shi?

Maman Hanan: Hmm. Babi takwas ne, duk ta bakin Nana. Bilki tana fitowa ne ta saƙon murya, a wayar mamanta.

Baban Walid: Kin gani ko. An mai da ita mai gadin kaza.

Kawu na Kumasi: Salamu alaikum. Ku yi haƙuri da tsoho, ba na yawan magana a nan, jikata ce ke danna mini. Maganar yaron nan ta taɓa ni. Ni ne wanda aka bari a benci. Ƙarshen shekarar 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Gana. Zango ya rikice. Mutanen da kakanninsu suka zo fataucin goro tun zamanin Gwanja da Salaga suka wayi gari ana ce musu baƙi. Mu Allah ya sa muka tsaya, amma gidan su abokina Ɗanlami suka hau babbar mota zuwa Najeriya. Muna da shekara 10. Ya bar mini gare-garensa, wato bakin ƙarfen keke da muke turawa da sanda, ya ce in riƙe masa kafin ya dawo. Ba waya, ba adireshi. Ban sake jin ɗuriyarsa ba har yau.

Hajiya Babba: Allah sarki Kawu. Allah ya sada ku da alheri, in ba a nan ba a Aljanna.

'Yar Damagaram: Amin. Kawu ka sa ni hawaye.

Kawu na Kumasi: A'a 'yata, ba don ku yi kuka na faɗa ba. Ku ji ƙarshen. Ni fa na ɗauki amanar nan da zafi. Ba na barin kowa ya taɓa gare-garen, har na fasa wa ƙanena baki a kansa. Ina wanke shi da toka ranar Juma'a. Da na ga zai yi tsatsa sai na sace man gyaɗar innata na shafe shi, na sha dukan da har yanzu in na tuna sai na gyara zama. To kun ga wanda aka bari ma yana da abin dariyarsa. Kada a rubuta yarinyar nan tana zaune bakin ƙofa tana jiran waya. Ku ba ta aiki, ku ba ta rigima.

Maman Hanan: Kawu, na gode, Allah ya ƙara girma. Wallahi ka buɗe mini ido. Ni da yake tafiya na yi, idona yana kan mai tafiya.

Mai Zane: Anti in zan sa baki, rigimar tana hannunki ai: kazar. Gimbiya za ta yi ƙwai, ta yi kwanci kwana 21, ta ƙyanƙyashe. 'Yan tsakin na wa? Nana za ta ce kazarta ce. Bilki za ta ce ita ke ba ta dawa da tsaki, ita ke korar muzuru. Shari'a sabuwa fil, kuma a saƙon murya.

Hajiya Babba: Ai wannan tsohuwar al'ada ce, ba da kiwo. Ka ba mutum akuya ko tunkiya ya riƙe maka, in ta haihu yana da rabonsa a cikin 'ya'yan. Sai a samu wata kaka a labarin ta raba musu gardama.

Mai Zane: Yauwa Hajiya. Ni kuma ga abin da nake hangowa a zane. Kun san yadda ake shafa wa 'yan tsaki galura don kada shaho ya gane su. Sai Bilki ta rina na Nana kore, nata kuma ja. Shafi guda cike da 'yan tsaki masu launi suna bin uwarsu, Bilki da hannu duk galura, mamanta ta riƙe baki. Yaron da bai iya karatu ba ma zai tsaya a shafin nan.

Baban Walid: Kuma a bar shaho ya ɗauki ɗaya. Gaskiya ce, haka ake yi.

'Yar Damagaram: Kai Yaya, kai dai sai an yi asara hankalinka ke kwanciya!

Baban Walid: Ba mugunta ba ce. In shaho ya ɗauki kore, wato na Nana, Bilki za ta faɗa mata ko za ta rina ɗaya daga cikin nata ta yi shiru? Nan labarin amana yake.

Malam Mai Alli: Tabɗi. To wannan kam na sara maka. Amma Anti, in kin bi wannan hanya, ina roƙon a rufe littafin da ɗan darasi a fili, ko layi uku ne, a kan riƙon amana da faɗin gaskiya. Iyaye da shugabannin makaranta shi suke fara dubawa kafin su saya.

Hajiya Babba: A nan kam ban bi ka ba, Malam. Mu da muka tashi da tatsuniya a gindin kaka, an taɓa gama labarin Gizo da Ƙoƙi aka ce to yara, darasin shi ne kaza? Ƙurunƙus kawai ake cewa, kowa ya tafi ya kwanta da abinsa a ciki. Gizo ya yi ha'inci, ya ji kunya, mun gani da idonmu. Da zarar ka juya ka fuskanci yaro da wa'azi, ya san wasa ya ƙare, sai ya fara hamma.

Malam Mai Alli: Ranki ya daɗe, tatsuniya ba a sayar da ita. Littafi kuwa sai an biya kuɗin takarda.

Hajiya Babba: To a yi muku shafinku na malamai a can baya, tambayoyi biyar, wanda yake so ya duba. Amma kada a sa wa Bilki wa'azi a baki. 'Yar shekara takwas ba ta cewa "haƙiƙa na fahimci muhimmancin amana". Cewa za ta yi, "Nana, kada ki yi fushi, shaho ya ci naki, amma wallahi na jefe shi da takalmi."

Malam Mai Alli: Na karɓi shafin baya. An yi sulhu.

Maman Hanan: Ina ta rubutawa a takarda, kada ku tsaya. Akwai abu ɗaya da ban san yadda zan yi da shi ba: agogo. Malesiya tana gaban mu da awa 7. Lokacin da Nana ke shirin makaranta da ƙarfe 7 na safe, Kano sha biyun dare ne. Lokacin da Bilki ta taso da ƙarfe 2, can tara na dare, an kora yara kwanciya. Kusan ba sa samun juna kai tsaye sai ranar hutu. Na ji tsoron lissafin zai gundiri yara.

Mai Zane: Ki bar lissafi, ki ba su zakara. Bilki ta naɗi carar zakaran gidansu da asuba ta tura. Nana ta buɗe saƙon da rana tsaka, zakara ya ƙwala cara a hawa na tara, maƙwabta su fito suna neman inda aka ɓoye kaji. Sai Nana ta yanke hukunci cewa rana ta fi son Malesiya shi ya sa take fara zuwa can, Bilki ta ce a'a, sauri take ta gama da su ta zo ta huta a Kano.

'Yar Damagaram: Wannan ya yi! Anti, abinci fa? Yara suna son labarin abin ƙyama.

Maman Hanan: Akwai. Suna da wani ɗan itace mai ƙaya kamar bushiya, duriyan, su a wajensu sarkin 'ya'yan itatuwa ne, amma warinsa ya sa otal da yawa suke manna takardar hana shiga da shi. Nana ta shaƙa ta ruga. Washegari maman Nana ta buɗe ƙullin daddawar da ta taho da ita, Aisha ta shaƙa ita ma ta ruga. Sai suka yi yarjejeniya kowa ya toshe hanci ya ɗanɗana na ɗan'uwansa. Sannan akwai inda Nana ke kewar hunturu, don can ba sanyi ba ƙura, zafi ne da ruwan sama shekara gaba ɗaya. Har ta ce Bilki ta turo mata hoton leɓenta da ya tsage.

Hajiya Babba: Kewar faso da tsagewar leɓe! Yaro dai yaro ne.

Baban Walid: To ga tambaya ta ƙarshe daga ni. Wannan Aishar, Bilki ta san da ita?

Maman Hanan: A yadda na rubuta, Nana ɓoye mata take yi.

'Yar Damagaram: Kada ki cire wannan, gaskiyar 'yan mata ce. Ni da na yi sabuwar ƙawa a Kano ji na yi kamar na ci amanar ta Damagaram. Da muka je hutu sai na tarar ita ma ta yi wata, har sun yi anko. Na yi kwana biyu ba na yi mata magana, alhali ni na fara. Ki sa ita ma Bilki tana ɓoye tata. Ranar da asiri zai tonu kowacce ta hau fushi, sai su rasa wa zai ba wa haƙuri.

Malam Mai Alli: Kuma kada sabuwar ƙawar Bilki ta zama muguwa don a tausaya wa Nana. A bar ta yarinyar kirki, mai iya carabke.

Mai Zane: Ni na ga inda za a haɗa su duka: Sallah. Anti, yaya suke yin tasu?

Maman Hanan: Hari Raya suke cewa. Gida-gida ake buɗe ƙofa kowa ya shiga ya ci, yara kuma ana ba su barka da Sallah a cikin 'yar ambulan, galibi koriya. Nana za ta so wannan. Amma ba hawa.

Mai Zane: Shi ke nan! Washegarin Sallah Bilki ta bi yayanta kallon Hawan Daushe, ta ɗauko bidiyon dawakai da kwalliyarsu, 'yan lifida, algaita, ƙura ta tashi. Nana ta nuna wa yaran bene. Aisha ta yi tsalle tana ihu, "Kuda! Kuda!" Wani ƙaramin yaro kuma ya matso ya tambaya a hankali, to yaushe za su tashi sama?

Hajiya Babba: Wayyo cikina!

Malam Mai Alli: Kuma ba ƙaramin abu Bilki ta riƙe a hannu ba. Hawan Sallar Kano UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2024. Su Nana suna da tagwayen benayen Petronas masu hawa 88, Bilki tana da dawakan Sarki. Kowa da abin nuna wa ɗan'uwansa.

Baban Walid: To yanzu na yarda zan saya wa Walid. A haka wadda ta zauna ba ta zama abar tausayi ba. Amma kada a dawo da Nana a shafin ƙarshe da akwati cike da tsaraba, kowa ya rungume kowa. An gaji da wannan.

Kawu na Kumasi: Ɗana, bar ta ta dawo mana. Ba kowa ne nasa ya dawo ba. A littafin yara dai a bari a dawo.

Baban Walid: Na janye, Kawu. A gafarce ni.

'Yar Damagaram: Ko a tsaya ana saura kwana uku su sauka. Bilki tana ta wanke Gimbiya da sabulu don ta yi kyan gani, kazar tana fizge-fizge.

Maman Hanan: Jama'a, kun rushe mini gini kun kuma ba ni tubali. Zan mai da shi babi goma, ɗaya Nana ɗaya Bilki. Ga yadda na sake buɗe babi na biyu yanzun nan, ku duba:

"Ranar da jirgin su Nana ya tashi, Bilki ba ta yi kuka ba. Ba ta da lokaci. Gimbiya ta tsallake katanga ta koma tsohon gidansu har sau huɗu, kuma sababbin masu haya suna da miyar da ba nama."

Hajiya Babba: Madalla. Haka nake so in ji Bilki.

Malam Mai Alli: Jimlolin sun yi daidai da numfashin ɗan aji uku. In kin gama babi biyun farko ki turo mini, zan karanta wa ajina ranar Alhamis bayan tara, in faɗa miki inda suka yi dariya da inda suka fara tsokanar juna.

Kawu na Kumasi: 'Yata, alfarma ɗaya. A cikin 'yan tsakin nan, in akwai namiji, a sa masa Ɗanlami.

Maman Hanan: An sa, Kawu. Kore ne, kuma ba shi shaho zai ɗauka ba.

Mai Zane: Anti turo mini adadin 'yan tsakin kafin in fara, kada in zana tara ki rubuta bakwai. Yara ƙirgawa suke yi.